Launin da Ke Zubewa a Hanyar Iyaka

A gidajen gwanjon kayan tarihi na Faris da Burasels, kalmar Katsina tana da wata ma'ana da yawancin Katsinawa ba su taɓa jin ta ba. In dillali ya ce yana da "Katsina" a hannu, yana nufin mutum-mutumin yumɓu gasasshe, sau da yawa a ɗore bisa wata tukunya mai ƙaton ciki, wanda ake ba shi shekara wajen 2,000 a duniya, ake kuma jera shi sahu ɗaya da na Nok da na Sakkwato. Sunan ya shiga littattafan masana, har ya hau jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, wanda Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, ta fitar a shekarar 2000 bayan taron da aka yi a Amstadam a 1997. Sai dai kusan duk abin da ke ɗauke da wannan suna ta hannun masu haƙar sata ya fito, musamman a shekarun 1990. Babu takardar da ta ce ga ramin da aka ciro shi, ga zurfinsa, ga abin da ke kwance kusa da shi. A ɓoye ya bar ƙasar nan, kuma hanyar da aka fi sani ita ce ta maƙwabta, a tara kaya a birane irin su Lome kafin su hau jirgi zuwa Turai.

Wanda ya tsaya a Magama, inda titin Katsina zuwa Maraɗi ke wuce shingen kwastan na ƙarshe kafin a faɗa Ɗan Isa, zai ga abin da iyaka ta saba sa wa ido: buhunan hatsi, jarkokin fetur, shinkafa 'yar waje, dabbobi, takardun mota. Kan mutum-mutumi da bai wuce girman ƙwarya ba, in aka cusa shi tsakiyar buhun gero, buhun ba ya canza kama. Idan ana maganar wannan asara yawanci kuɗi ake lissafawa, ko a ce an raba mu da gadon kakanni, kuma duka biyun gaskiya ne. Akwai dai wata asara da ke riga waɗannan aukuwa, wadda ko gobe aka dawo da kayan ita ba za ta dawo ba. Ita ce fatar abin, wato siririn shafen da ke bisa yumɓun, inda launi yake zama in akwai shi. A ganina wannan fata ita ce shaida mafi rauni a jikin kayan tarihi, tana kuma cikin masu ɗauke da bayani mafi yawa, kuma fartanyar mai haƙa da ruwan wanki da gogayyar buhu suna gamawa da ita tun kafin kaya su isa hannun mai saye. Girka ta riga mu shan wannan ɗaci da fiye da shekara ɗari, don haka can ya kamata a fara leƙawa.

Tanagira tsohon gari ne a yankin Boyotiya, arewa da birnin Atina. Wajen shekarar 1870 manoman wurin suka fara cin karo da tsofaffin kaburbura, a cikinsu kuwa ga 'yan ƙananan mutum-mutumi na yumɓu, yawancinsu mata a tsaye sun yi lulluɓi, tsawonsu santimita 15 zuwa 30, waɗanda aka yi tun daga wajen shekara ta 330 kafin Miladiyya. Labari ya kai kunnen dillalan Atina, farashi ya tashi, cikin 'yan shekaru aka tone kaburbura dubbai ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kansu. Girka tana da dokar kare kayan tarihi tun 1834, amma sai a 1874 ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta Atina ta tura Panayotis Stamatakis ya yi haƙa bisa ƙa'ida, lokacin kuwa an riga an kwashe na kwashewa. Da aka baje su a babban baje kolin Faris na 1878, masu kuɗin Turai suka yi musu caa. Daga cikin abin da ya ɗauki hankalin mutane har da launi, domin wasu sun fito daga kabari da sauran adonsu. A gidan tarihi na Luba a Faris akwai wadda ake kira Mai Shuɗin Mayafi: ta ɗora 'yar malfa bisa lulluɓinta, tana riƙe da mafici, mayafin shuɗi ne, gefensa kuma zinariya ce aka lilliƙa.

Yadda ake yin su ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan rauninsu yake. Maginin Girka yana danna yumɓu a cikin mazubi, gaba daban baya daban, ya haɗa su, ya dasa kai da hannu da mafici waɗanda aka yi a gefe, sannan ya huda wata kafa a baya don tururi ya fita, kada wuta ta fasa aikin. Da mazubi ɗaya da kawuna iri-iri sai ya fitar da mata da yawa da ba su yi kama da juna ba. Daga nan a shafe jikin duka da farin shafe, galibi farar ƙasa mai laushi irin wadda masana ke kira kawolin, wani lokaci alli ko farin dalma, kamar yadda mai zayyana ke fara yi wa fuskar allo fari kafin ya ɗora ado. Launukan kuwa sai an sauke daga wuta ake sa su. A nan suka bambanta da shahararrun tukwanen Atina masu baƙi da ja, waɗanda adonsu ruwan yumɓu ne da ya gasu tare da tukunyar ya zama jiki ɗaya da ita, shi ya sa har yau suke sheƙi. Launin mutum-mutumi garin dutse ne ko na saiwa da aka kwaɓa da wani abu mai danƙo, kamar yadda ake sa ƙaro a tawada, aka shafa da buroshi. Danƙon nan ruɓewa yake a cikin ƙasa. In ya tafi, launin ya koma ƙura da ke zaune a kan farin shafe ba abin da ke riƙe da ita, babban yatsa ɗaya ya isa ya share abin da ya jure shekara 2,300.

Ja da rawaya daga ƙasa ake samun su, irin jan ƙasa da muka sani, baƙi kuma daga gawayi ko kunkunniya. Akwai wani ja mai haske ƙwarai da ake niƙowa daga dutsen da zaiba ke fita a cikinsa, mai tsada ne, ba kowane aiki ake kashe wa shi ba. Ruwan hoda, wanda aka fi so a tufafin matan, daga saiwar wani tsiro yake, wanda Larabawa ke kira fuwwa: a jiƙa saiwar, a kama jan ruwan a kan farin gari, a busar, dabarar da ba ta yi nisa da yadda ake fitar da ja daga karan dafi don rina fata ba. Shuɗi shi ne abin al'ajabi, don shi haɗa shi ake yi a wuta. Tun wajen shekara 5,000 da suka wuce Masarawa suka gano cewa in aka cuɗa rairayi da garin farin dutse da ɓurɓushin jan ƙarfe da kanwa, aka gasa a zafin digiri 850 zuwa 1,000, za a sami dunƙule shuɗi da za a niƙa. Kanwar Masar daga kwarin Wadi Naturun take, 'yar'uwar wadda fatake suka daɗe suna kawo mana daga Manga da Tafkin Chadi. Masanin gini na Rum, Bitrubiyus, ya rubuta yadda ake haɗin a ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Mai fentin Girka yakan haɗa wannan shuɗi da ruwan hodar fuwwa ya sami shunayya, ya yi wa fuskar mace launi mai haske, ya yi wa na namiji ja-ja mai duhu, ya ja leɓe, ya ɗiga ido, ya shimfiɗa ganyen zinariya da ya fi fatar albasa siranta a bakin mayafi. Ke nan 'yar tsanar da ba ta wuce tsawon hannu ba tana ɗauke da labarin fatauci da sana'o'i da dama a jikinta, kuma duk labarin a fatar yake.

Su kansu Girkawa ba su ɗauki launi abin wasa ba. Tiyofarastus, almajirin Aristotal, ya rubuta ɗan littafi kan duwatsu a ƙarshen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, inda ya jera ƙasashen da ake samun launuka, ya ce jan ƙasar tsibirin Keyos ya fi kowane. An kuma sami wani rubutu a jikin dutse a Atina, na tsakiyar wannan ƙarni, da ke nuna an sa garuruwan Keyos sun yi doka cewa ba a fitar da jan ƙasarsu sai zuwa Atina, a jirgin da aka ayyana, kuma wanda ya tona asirin mai fasa-ƙwauri yana da rabo a abin da aka kama, in bawa ne a 'yanta shi. Dokar kwastan ke nan a kan jan ƙasa, fiye da shekara 2,200 kafin a kafa shinge a Magama. Marubucin Rum Filini ya kuma ruwaito cewa da aka tambayi gwanin sassaƙa Faraksitilis wanne ya fi so a cikin ayyukansa, sai ya zaɓi waɗanda mai fenti Nikiyas ya sa wa hannu.

Duk da haka Turai ta shafe ƙarnuka tana ɗauka fari fat Girkawa suka bar ayyukansu. Ruwan sama da ƙasa sun cinye launin manyan na dutse, sai masu kallo suka ɗauki abin da ya rage a matsayin abin da aka nufa tun farko. Bajamushen nan Winkelman, wanda littafinsa na 1764 ya zama tushen nazarin fasahar Girka, ya koyar da cewa fari ne ke fito da kyan jiki, na bayansa kuma suka zarce shi. Ra'ayin bai tsaya a takarda ba, domin a 1937 zuwa 1938 ma'aikata a Gidan Tarihin Birtaniya sun kankare wasu duwatsun haikalin Fartenon na Atina da ƙarfe da dutsen gogewa don su ƙara fari. 'Yan matan Tanagira kuwa dillalai ne suka yi musu nasu aikin: a wanke ƙasa, inda launi ya zube a sake shafa sabo, a manna kan wannan a wuyan waccan, daga baya ma aka shiga ƙera na jabu gaba ɗaya, har gwaje-gwajen ƙarni na 20 suka nuna da yawa daga waɗanda manyan gidajen tarihi suka saya 'yan ƙarni na 19 ne. Kimiyya ce ta zo ta ceto abin da ya saura. Jan fuwwa yana ƙyalli in aka haska shi da fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Shuɗin Masar kuma, in haske ya sauka a kansa, yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma kyamara ta musamman tana ɗauka, ko da ƙwaya ɗaya ce ta maƙale a lungun tufa. Da wannan dabara wani masani, Jobanni Beri, ya gano shuɗi a jikin duwatsun Fartenon ɗin nan a 2009, bayan nunin da Binzens Birinkman ya buɗe a Munik a 2003 ya riga ya nuna wa jama'a kwafin ayyukan Girka da cikakken launinsu. Sharaɗin duk waɗannan na'urori ɗaya ne, sai in an bar wani abu a jikin. Abin da ya bi ruwan wanki babu kyamarar da za ta gan shi. Ko a ƙasar Sin, inda manoma masu haƙar rijiya suka gano rundunar sojojin yumɓu ta Sarki Cin Shi Huwan a 1974, masu bincike sun ga launi yana nannaɗewa yana zubewa cikin 'yan mintuna da shan iska, abin da ya sa suka rage gaggawar tonawa har aka samo maganin riƙe shi.

To, mu dawo gida. Mutum-mutumin Nok na farko da aka ajiye labarinsa masu haƙar kuza ne suka ciro shi a 1928, kusa da ƙauyen Nok a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kai daga ƙasar Jama'a, wanda aka jima ana tsorata tsuntsaye da shi a gonar doya, shi ne ya gane cewa al'umma guda ce ta bar waɗannan ayyuka, aka kuma buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Su waɗannan da hannu aka gina su kamar tukunya, naɗi bisa naɗi, ciki a rarake, aka huda ido da hanci da baki, yumɓun kuma yana da tsakuwa a ciki. Wanda ya ga hotonsu zai ga jiki mai kaushi kamar dutsen niƙa, har mutane suka ɗauka haka Nok yake. Alhali inda fatar ta tsira an ga maginan sun shafe jikin da ruwan yumɓu mai laushi, sun goge shi har ya yi santsi. Kaushin aikin ruwa da ƙasa ne, kuskuren Winkelman ne ya sake faɗowa a kan namu. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Farankfot, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shiga haƙa bisa ƙa'ida, abin da suka samo kuwa ya nuna amfanin haƙuri. Al'ummar ta fara tun wajen 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin sun bayyana wajen 900, mutanen manoman gero da wake ne, kuma sau da yawa farfasa ayyukan aka yi aka binne kusa da wuraren da suka yi kama da makwantai. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da Jami'ar Biristol, wanda ya gano kakin zuma a jikin tsingaron tukwanen Nok, shaidar cin zuma ta wajen shekara 3,500. In tsingaro ya iya riƙe wannan, sai a auna abin da fuskar mutum-mutumi za ta iya faɗa in ba a taɓa ta ba.

Mai karatu na iya cewa an haɗa abin da bai haɗu ba: Girkawa masu fenti ne, namu kuwa ruwan yumɓu kawai aka gani, ina amfanin kukan launin da wataƙila ba a taɓa shafawa ba? Ƙorafin yana da tushe, kuma ba daidai ba ne a ɗauki shuɗin Tanagira a liƙa wa Katsina da ƙarfi. Amma wanda ya ce babu launi shi ma da'awa ya yi, kuma shaidarsa ita ce kayan da aka riga aka wanke. Yankin nan bai taɓa rasa masu launi ba. A Ile-Ife an sami burbushin ja da fari da baƙi a jikin kawunan yumɓu da na ƙarfe na ƙarni na 12 zuwa 15. A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da jan launi a jikin dutse. Har yau akwai maginan tukwane da ke watsa wa tukunya ruwan makuba tana da zafi don ta yi duhu ta yi ƙarfi, matan Bubon a bakin Kwara kusa da Yamai kuma suna yi wa tulunansu ado da fari da ja. Ko ma an bincika an tarar babu fenti sam, fatar ba ta rasa abin faɗa ba. Za ta nuna ko jan shafen daga ƙasar wurin yake ko daga nesa aka kawo shi, ko an riƙa shafa wa abin mai, ko hayaƙin ɗaki ya zauna a kansa shekaru, ko ruwan sama ya dake shi a fili, ko kuwa sabo fil aka binne shi. Kowace amsa a cikin waɗannan tana gaya mana wani abu game da mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin a san sunan sarakunan Katsina na da irin su Kumayau ko Korau.

Abin da mai haƙar sata ke yi kuwa sananne ne. Yana tona rami da sauri, ya fizgo abin da zai sayu, ya watsar da gawayi da tsingaro da ƙasusuwa, waɗanda su ne ake gane shekaru da su. Ya wanke abin ya ga ko ya yi kyau. A hanya ya karye a cikin buhu, a birnin dillalai a haɗa shi da gam, a cike gurbi da garin wani tsingaro, a shafe tabon da ƙasa don ya yi kama da tsoho. Mai saye a Turai zai sa a huda ɗan rami a ɗebi gari a yi gwajin da ke auna tsawon lokaci tun ranar da yumɓu ya sha wuta, a ba shi takarda, amma gwajin yana da faɗin kuskure na ɗaruruwan shekaru, kuma wurin da aka huda kaɗai yake yi wa shaida. Haka aka yi wa Kwatarkwashi ta Zamfara a shekarun 1990. Haka aka yi wa Bura a yammacin Nijar, wadda aka gano a 1975, Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya haƙa ta bisa ƙa'ida a 1983, amma da aka nuna kayanta a Faris a 1993 sai masu haƙar sata suka afka wa yankin. A gwada wannan da Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani. Baturen mulki Palmer ya tona wasu tuddai a 1907, sannan a 1992 aka sake tona wasu, aka ɗebo sassan makwantan tare da ƙasar da ke manne da su, daga baya aka buɗe su a hankali a ɗakin bincike a birnin Mainz na Jamus. Ban da zinariya da hauren giwa da wuri da tasa 'yar Gabas, har ragowar tufa da itace da fata aka samu, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Da a buhu aka zuba su, da ƙarfen kaɗai zai isa kasuwa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wurinmu, bai kuma kamata a kauce masa ba. Jibiya da Katsina da Maraɗi ƙasar Musulmi ce, wani zai ce ai gumakan jahiliyya ne, in sun tafi Allah raka taki gona. Amsa ta farko ita ce ba wanda ya nemi a girmama su, bincike daban bauta daban, kuma abin da haƙar Nok ta nuna ya fi karkata ga al'adun binne mamaci. Na biyu, malaman Musulunci na da ba su ga aibin duban kufan mutanen farko ba. Abdullaɗif al-Bagadadi, likita kuma malami da ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya bayyana dalar Giza da mutum-mutumin Abul Haul dalla-dalla a littafinsa Al-Ifada wal I'itibar, har ya lura da jan shafen da ke fuskar yana haske kamar sabo, ya kuma yi tir da masu tone kaburbura don neman dukiya. Musulmi ne ya rubuta wa duniya shaidar wannan launi fiye da shekara 500 kafin Winkelman. Na uku kuwa, wanda ya ciro gunki ya sayar bai kawar da gunki ba, ciniki ya yi da shi, cinikin gumaka kuma ingantaccen hadisi ya hana. Saboda haka wannan sana'a ba ta da mafaka a addini ta kowace fuska.

Saura maganar talauci da tsaro, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya. Manomin da damina ta ƙi shi, aka ce ga kuɗi a ƙarƙashin gonarsa, da wuya a ga laifinsa, kuma wanda ya san halin da ƙauyukan Jibiya suka shiga a hannun 'yan bindiga, har dubban mutanen yankin iyakar suka tsallaka ƙasar Maraɗi neman mafaka, ba zai ce launin yumɓu ne a gaban mutane ba. Su ma masu binciken rashin tsaron bai bar su ba: a Fabrairun 2017 an sace Breunig da abokin aikinsa a Janjala ta Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. Amma a duba wa ke cin ribar. Mai haƙa abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, alhali Faransa ta biya faran miliyan 2.5 a kan guda uku kacal, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, daga hannun wani dillali a Beljiyam, ta baje su a Luba a 2000. Da surutu ya yi yawa, a 2002 ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Masu cewa kasuwa ce ta ceci kayan daga lalacewa suna mantawa cewa ƙasa ta riƙe su shekara 2,000 ba ta nemi ko kwabo ba, kuma farashin kasuwar ne ya aika fartanya ta tono su. Abin da ake roƙo a wannan hali ba ya bukatar kasafin kuɗi ko rakiyar soja, domin bari ne kawai: abin da ke kwance a ƙasa a bar shi a kwance har ranar da za a iya ɗaga shi yadda ya kamata.

Iyakar da ta ratsa Magama yarinya ce a kan waɗannan kaya. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka zana ta, aka kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908, a tsakiyar ƙasar da gidan sarauta ɗaya ya taɓa riƙewa, shi ya sa har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Maginan da suka yi abin da dillalai ke kira "Katsina" ba su san wannan layi ba, ba kuma dalilin da zai sa kufansu su tsaya a gefe ɗaya. Don haka aikin na ƙasashen biyu ne. Najeriya tana da dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba izini, Nijar ma tana da tata ta 1997, kuma ƙasashen biyu sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970. An rufe wannan iyaka a 2019 saboda shinkafa, an sake rufe ta a 2023 saboda juyin mulki, wanda ke nuna hukuma tana iya sa ido a kan abin da ta ɗauka da muhimmanci. Hotunan jerin ICOM ya kamata a ce suna manne a ofishin kwastan na Magama da na Ɗan Isa, jami'in da ya kama irin wannan kaya kuma a koya masa kada ya goge ƙasar da ke jiki. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya su ne suka fi cancanta su fara rubuta inda kufan suke a ɓangarorin biyu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa, ku ne labari ke fara isowa gare ku. In garma ko mai haƙar rijiya ko zaizayar ruwa ta tono kan yumɓu a ƙasarku, ku hana a ciro shi, ku hana a zuba masa ruwa ko a kankare shi, a ɗauki hotonsa da waya a inda yake, a mayar da ƙasa a rufe, sannan a aika wa gidan tarihi na Katsina.